Sienna, Sharon ko Homa: wacce za ku yi shata in za ku Yankari?

Hutun ƙarshen shekarar karatu ya zo, damina ta kankama, kullum sai wani ya tambaye ni a WhatsApp wace mota ya kamata su ɗauka su da abokai ko iyali in za su fita shan iska, musamman Yankari tunda an san sau uku ina zuwa. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. In Tiga za ku ko Bagauda wannan ba magana bace, ko motar gida ta kai ku ku dawo kafin magariba. Yankari ce ke buƙatar tunani, don daga Kano zuwa Bauchi kaɗai wajen kilomita 300 ne, ta Wudil, Birnin Kudu, Babaldu, Ningi, sannan ku kama titin Gombe ku karya a Dindima, kuma ko kun isa ƙofar Mainamaji da sauran tafiya mai tsawo a cikin daji kafin Wikki, wato inda masauki da ruwan ɗumin nan suke.

Ni dai Sienna nake ɗauka, ba ɓoye-ɓoye. Wacce nake nufi ita ce ƙirar 2004 zuwa 2010 ɗinnan da ta cika tashoshinmu. Mutum bakwai take ɗauka a tsarinta, wasu takwas, kuma in shata kuka yi ba ruwanku da lodin tasha na cusa mutum huɗu a kujerar uku. Abinda ya sa nake sonta shine bayanta, akwai wani rami mai zurfi a bayan kujerar ƙarshe wanda zai cinye kula biyu da jakunkuna da tabarma, in ma baku da yawa sai a ninke kujerar ta shige ramin ta koma fili fetal. Zuwanmu na ƙarshe har da abokinmu mai kaɗa gurmi, ya nannaɗe gurminsa a bargo ya kwantar a baya da sifika da tukunyar dambu, ba abinda ya taɓu. Kuma tana da AC na baya daban, wanda duk ya taɓa zama a kujerar ƙarshe da rana tsaka tsakanin Ningi da Bauchi ya san wannan ba ƙaramin abu bane. Injinta silinda shida ne, in direba zai wuce tirela baya dogon lissafi. Aibinta ɗaya, tana shan mai kamar ba gobe, to amma in kun raba kuɗin ku bakwai ba zai yi zafi ba.

Akwai abu ɗaya da mutane basu sani ba. Sienna mai jan ƙafa huɗu, wadda aka rubuta AWD a bayanta, daga kamfani bata zuwa da safaya, don ramin da ake rataye ta a ƙasa babu shi. In ita aka kawo muku ku tambayi direba ina tayar, in yace tana nan ku ce ya nuna. In a cikin but ya ajiye ta to rabin wurin kayan da na gama yabo ya tafi.

Sharon kuwa na yafe. Homa tana da kyau in kun kai sha biyar, amma gwiwarku za ta gaya muku. Golf ta 'yan sauri ce, ba ta yawon buɗe ido ba.

Na san masu Sharon za su ce ban yi adalci ba, to ga dalilina. Bara waccan muka je wata tasha ranar Alhamis da yamma, wani ɗan kamasho ya nuna mana mota fes, tayoyi baƙi wuluk, muka yi ciniki muka ba da kafin alƙalami. Asubar Juma'a sai ga wata mota daban a ƙofar gida, launi ɗaya amma ba ita bace, direban ma ba shi bane, wai waccan ta tafi Maiduguri cikin dare, wannan ƙanwarta ce. Kaya na ƙasa, yara sun shirya, ya za mu yi? Muka shiga. Mun wuce Birnin Kudu kaɗan sai ji muka yi daram, tayar baya ta fashe, Allah ya taƙaita direban bai taka burki da ƙarfi ba. Aka fito da safaya babu iska, jak ɗin ma na aro ne baya ɗagawa sai da aka tara duwatsu. Awa huɗu muka yi a gindin wata kuka muna cin gyaɗa, ɗan acaɓa ya tafi da taya ya dawo da mai faci, shi ne ya tsuguna ya goge gefen tayar da yawu ya ce Alhaji duba nan, wannan ai ta girmi yaron can naka.

Tun daga ranar na koyi karanta taya. A gefen kowace akwai rubutun DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu ne cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319 to an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take ba taya daga ranar da aka ƙera ta. Tayar Beljiyam da yawa ta gama rayuwarta a Turai kafin ta iso nan, sai a wanke a shafa mata mai tana ƙyalli, wasu har sake yanka mata zane ake da wuƙa mai zafi don ta yi kamar bata suɗe ba. In ka ga an kankare wurin lambar ko an shafe shi da baƙin fenti, kada ka tsaya musu. Duba duk huɗun da safaya ta biyar, ka danna ta da ƙafa, ka ga jak da sifana da idonka.

Sai maganar kuɗi. Ɗauki hoton lambar motar da fuskar direba ranar ciniki, ka faɗa a gaban shugaban layi cewa in wata aka kawo ciniki ya warware. Ku yi magana a fili wa zai sayi mai, wa zai biya kuɗin shigar mota a ƙofa, ina direba zai kwana kuma wa zai ciyar da shi, don waɗannan su ke kawo rigima a ranar dawowa. Kada ku ba direba kuɗin mai gaba ɗaya a hannu, ku tsaya gidan mai tare a cika tanki kuna kallon mita, ku ƙara a Bauchi, in ba haka ba za ku ƙare a wajen 'yan bumburutu da man da ba a san me aka gauraya masa ba. Wanda ya ce AC na yi sai dai gas ya ɗan yi ƙasa, AC baya yi.

A can kuma ku rufe gilashi ko da minti ɗaya za ku sauka, birran Wikki sun fi ɓarayin kasuwa iya aiki, a gabana ɗaya ya zura hannu ya ɗauke ledar burodi ya hau rufin ɗaki yana ci yana kallonmu. Da damina ciyawa ta yi tsawo, ganin giwa sai an yi sa'a, masu son dabbobi su bari sai rani. Mu ruwan Wikki ya kai mu, ɗuminsa na nan wajen digiri 31 dare da rana, garau har kana ganin yashin ƙasa. Da daddare bayan isha abokin nan ya warware gurminsa daga bargo, direbanmu na Sienna da ya yi shiru tun daga Mariri sai ga shi yana amshi, ashe ya fi mu sanin waƙoƙin. Lambarsa na wajena, amma an riga an kama shi sati biyu masu zuwa.