Sharhina a kan Communities na WhatsApp, bayan mun mayar da zauren Hausawan Jidda can

Duk Bahaushen da ya zauna a Jidda ya san irin guruf ɗin nan na 'yan gari. Ɗaruruwan mutane a wuri guda, tun daga asuba saƙo ke shigowa: barka da Juma'a, wa'azi mai tsawo, tallan turare da abaya, sanarwar rasuwa, cigiyar fasfo. Namu ma haka yake. Ni tela ne, ina aiki a wani shago wajen Bab Sharif, kuma na daɗe a cikin zauren ba tare da na san ko mutum goma a cikinsa ba. Mai neman aiki ya yi magana, kafin a ankara saƙonni hamsin sun binne shi.

Da shugabannin zauren suka ce za a koma tsarin Communities, wanda WhatsApp ya fito da shi a watan Nuwamba na 2022, na shiga cikin masu taimakawa wajen tsarawa. Yadda yake aiki ba wuya. Ana buɗe babban gida guda, a ƙarƙashinsa a jera ƙananan zaurika, sannan akwai zauren sanarwa wanda shugabanni kaɗai ke rubutu a ciki, saƙon kuma ya isa ga kowa. Kamar gidan gandu ne, kowa da sashensa amma ƙofar shiga ɗaya. Muka ware na masu sana'ar hannu, na direbobi, na 'yan kasuwa masu aika kaya Kano da Yamai, na mata, da na ɗalibai, waɗanda yawancinsu ke Jami'ar Musulunci ta Madina.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda bakin mutane ya buɗe. Wanda yake jin nauyin magana a gaban taron jama'a, da ya ga kansa cikin abokan sana'arsa sai ya saki jiki. A zauren masu sana'a muka sa ƙa'ida cewa duk wanda ya shigo zai yi saƙon murya gajere, ya faɗi garinsu, unguwar da yake zaune, da abin da hannunsa ya iya. A nan na ji muryar wani dattijo ɗan Damagaram yana cewa shi gyaran keken ɗinki yake yi tun yana saurayi. Ashe layi biyu ne tsakanin shagonsa da namu. Na kai masa wani keke da ya daɗe yana tsinka mini zare, ya juya shi, ya kwance wajen ƙoshiya, ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da ya cinye. Ya ce, "Ɗana, wannan ba sai ka sayi sabo ba." Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Yanzu duk telan da ya yi kukan keke a zauren, wajensa ake tura shi, shi kuma idan aka tambaye shi mai ɗinkin jallabiya sai ya ambace mu.

Saƙon muryar nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Akwai 'yan'uwanmu da aka haifa a Makka da Jidda, kakanninsu ne suka zo aikin Hajji suka zauna. Suna jin Hausa sarai, amma da Larabci suke karatu da rubutu. Mu kuma da muka zo daga baya boko muke rubutawa. A rubuce ba ma haɗuwa, a murya kuwa ba shamaki. Su ne suka fi mu sanin gari, su ne ke bayyana wa sabon zuwa yadda ake duba iƙama, wato katin izinin zama, a manhajar gwamnati ta Absher, ko yadda ake neman izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk.

Akwai wasu ƙananan abubuwa masu amfani. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta kashe mana gardamar ranar taro. Zaure guda yana ɗaukar mutum 1,024, wanda ya ishe mu har da ragi. Tun 2024 kuma ana iya sanya taro da ranarsa da wurinsa, kowa ya danna ko zai zo.

Zauren sanarwa shi ne inda na fi ganin hikimar tsarin, domin a cikinsa shugabanni ne kaɗai ke ganin lambobin mutane. Amma a sani, cikin ƙananan zaurika 'yan zauren suna ganin lambar juna kamar kowane guruf. Wani marar kunya ya taɓa kutsawa zauren kasuwanci ya kwashi lambobin mata yana damunsu da saƙo cikin dare. An cire shi, kuma daga ranar ba a shiga sai da amincewar shugaba, sai kuma wani ɗan zaure ya tsaya maka. Zauren mata kuwa mata ne ke riƙe da shi. Wata Hajiya mai sayar da masa da tuwo a Karantina ita ce babbarsu, kuma ba ta wasa da amanar da aka ba ta.

Wanda zai kafa irin wannan a Saudiyya ya kula da dokar ƙasa tun ranar farko. Ba a tara kuɗin taimako daga jama'a ba tare da izini ba, shi ya sa muke nuna wa mai son sadaka dandalin Ehsan na gwamnati. Tallan Hajji ba tasrihi, wato ba takardar izini, shi ma mun hana shi gaba ɗaya. A Hajjin 2025 tarar wanda aka kama ba izini ta kai riyal 20,000, kuma ba ma so a ce ta zaurenmu aka yaudari wani bawan Allah.

Wahalar da ke ciki ta shugabanni ce. Manhajar ta raba ɗakuna, amma haɗa mutum da mutum sai an sami wanda zai ce, "Malam, ga wane yana neman direba zuwa Makka, ku yi magana." Idan babu masu wannan himma, ƙananan zaurikan sai su yi tsit. Dattawanmu ma da farko sun rikice, suna ta tambaya ina tsohon guruf ya tafi, sai da muka bi su shago-shago muna nuna musu a wayoyinsu.

Ga dangi ko abokai 'yan kaɗan, guruf na yau da kullum ya wadatar, ba sai an ɗora wa kai wannan ba. Amma ƙungiyar 'yan gari, ko ɗalibai, ko 'yan kasuwa da suka watsu tsakanin Jidda da Makka da Madina, ina ba su shawara su gwada, su fara da zaurika uku ko huɗu, kowanne da shugabanni biyu da suka san mutanen ciki ido da ido.