Abin da za ka shimfiɗa ƙarƙashin laminet kafin daminar Bauchi ta gwada shi

Allon laminet, wanda ake shimfiɗawa a kan daɓen ɗaki, samansa ne ya fi sulke. Cikinsa garin katako ne da aka matse da gam, kuma da zarar danshi ya shige shi ta ƙasa sai ya kumbura, bakin allunan ya ɗaga, ba ya kuma komawa. A Bauchi ɓarnar takan yi jinkirin fitowa. An yi aiki a Janairu, hunturu ya busar da daɓe ƙayau, kowa ya yaba. Agusta na kamawa ƙasa ta ƙoshi da ruwa, siminti ya fara zuƙo laima, musamman a gidajen da ba a sa leda ƙarƙashin kankare ba lokacin gini, da unguwanni irin Fadaman Mada da sunansu ma ya faɗi irin ƙasarsu.

Aiki biyu ake nema daga shimfiɗar ƙasa: ta tare danshi, ta kuma tallafi allon kada haƙoran da ke kulle shi da ɗan'uwansa su karye. Abin da ya fi yin su duka a kan siminti shi ne a raba aikin gida biyu. Leda mai kaurin milimita 0.2 a ƙasa, sannan soso mai tauri irin IXPE ko XPS, milimita 2 zuwa 3, a kanta.

Dalili kuwa, leda ita kaɗai ce za ka iya rufe ɗaki da ita ba kafa. A share daɓen tas, don tsakuwa ɗaya ta isa ta huda ta. Inda falle biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya da santimita 20, a bi da salatif mai hana ruwa, ba na takarda da masu fenti ke amfani da shi ba. A bango a ɗaga ta santimita 5, sikatin, wato katakon da ake bin gindin bango da shi, zai rufe. Soson kuma baki da baki ake haɗa shi, ba a ɗora shi kan juna, in ba haka ba wurin ya yi tudu. Ɗaki mai mita 4 da 4, murabba'in mita 16 ke nan, sayi leda ta 20. Tsakanin allo da bango a bar milimita 8 zuwa 10, domin allon da aka sa da rani sai ya buɗe da damina.

Kafin duk wannan a gwada daɓen. Manna leda mai santimita 45 kowane gefe, ka rufe bakinta da salatif, ka bar ta kwana guda. In ka ɗaga ka ga raɓa ko simintin ya yi duhu, dakata. Sabon daɓe a ba shi aƙalla wata biyu. Rami ko tudun da ya wuce milimita 3 a tsawon mita 2 da siminti ake gyara shi, ba da ninka soso ba.

Sauran fa? Farin soson nan mai arha, irin na naɗe talabijin, yakan kwanta ƙarƙashin ƙafar gado ya zama takarda. Mai haɗe da leda a jikinsa ya yi a saman bene, amma a ƙasa kowace mahaɗa ƙofa ce. Kok, wato ɓawon wata bishiya da ake matsewa, da allon zaren katako suna kashe ƙara, sai dai ba sa tare danshi, kuma na katakon gayyatar gara ce. Soson kafet ya yi laushi da yawa, manta da shi. In allonka ya zo da soso manne a bayansa, leda kawai zai buƙata. A kan daɓen katako kuma ba a sa leda, don takan kulle danshi ya ruɓar da itacen.

Inda ake cutar mutane shi ne kaurin leda, tunda ido ba ya bambance 0.2 da rabinsa. Kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a jikin naɗin. Ninka ta falle goma ka matse, ya kamata ta kai milimita 2 a ma'auni. Ko ka ɗora ta a sikeli: ta gaskiya murabba'in mita 10 tana kusan kilo 1.8, murabba'in mita 20 na ɗakin da muka ambata kuwa wajen kilo 3.7. Ɗaga ta ka kalli rana. Wadda aka narka daga tsofaffin ledoji za ka ga ƙuraje da ƙananan huji, tana wari, tana yagewa da ja ɗaya. Soso mai ƙyalli da ake ce maka alminiyam ne, kankare shi da farce, in ƙyallin ya biyo yatsa shafe ne kawai. Matse soson tsakanin yatsu biyu, wanda ya bar shaidar yatsa bai dawo ba, ajiye shi. A warware naɗin a auna tsawonsa a gabanka, don akan rage mita.

Mai aiki ma a sa masa ido. Wani zai ce, "Alhaji, daɓen nan ai a bushe yake, ledar ɓarnar kuɗi ce." Wani ya karɓi kuɗinta ya shimfiɗa a bakin ƙofa kawai inda za ka gani. Ka ce a kira ka ka ga ledar ta rufe ɗakin duka, har bayan ƙofa da kusurwar da ke jingine da banɗaki, kafin a ɗora allo na farko.