Kwalbar gwajin FIT: tana gano ɓoyayyen jini, amma tana da iyaka

'Yar kwalba ce da tsinke maƙale a murfinta, ta gwajin FIT, wato gwajin neman jinin da ido ba ya gani a cikin bayan gida. A tare bayan gida a kan takarda mai tsafta, kada ya taɓa ruwa ko fitsari, a goga bakin tsinken a jikinsa har 'yan tsagoginsa su cika, a mayar, a rufe gam, a rubuta kwanan wata. Ɗan kaɗan ake so. Cika kwalbar ɓata gwajin yake yi.

Inda ta fi guaiac, tsohon gwajin neman jini a bayan gida wanda naman da aka ci kan rikita shi, shi ne jinin mutum kaɗai take ganewa, saboda haka ba a hana cin nama. Ga zubar jinin babban hanji, aikinta yana da kyau ƙwarai.

Rauninta fa? Jinin da ya fito daga tumbi yakan narke kafin ya sauko, sai sakamako ya fito lafiya alhali ana zubarwa. Zafi ma yana lalata samfurin, don haka a kai shi ɗakin gwaji da wuri. Basir mai jini ko haila suna rikita sakamakon.

Mai shan maganin ciwon daji (kansa) wanda ƙwayoyin daskarar da jininsa suka ragu, in ya ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko jiri, ya bar kwalbar ya tafi asibiti nan take.