Daga Farawa ko daga Markus: amsa ga ƙanwarmu ta Tawa

Ƙanwarmu da aka yi wa baftisma ranar Ista ta kawo tambaya a zauren nan. An ba ta kyautar Littafi Mai Tsarki, tana so ta kafa tushe mai ƙarfi. Kawunta ya ce ta soma daga Farawa sura 1, ta bi shafi bayan shafi har Wahayin Yahaya. Matar fasto kuma ta ce ta soma da Linjila, daga baya ta koma Tsohon Alkawari. Wace shawara za ta ɗauka?

Ƙanwata, su biyun duk alheri suke nufin ki da shi, kuma kowace hanya ta raini masu bi na ƙwarai. Nawa ra'ayin shi ne bana ki bi ta matar fasto, baɗi ki bi ta kawu. Ga dalilina.

Abin da ke hannunki littattafai 66 ne aka ɗinke wuri guda, 39 na Tsohon Alkawari, 27 na Sabo (na ƴan'uwanmu Katolika 73 ne). Surorinsu 1,189. Ba bisa ga lokacin da abubuwan suka faru aka jera su ba, bisa ga irinsu aka jera, kamar yadda kasuwa take: masu hatsi a layinsu, masu atamfa a nasu, mahauta can gefe. Attaura ta zo da littattafai biyar, sai na tarihi, sai na waƙa da hikima, sai annabawa. Saboda haka mai bin shafi zai karanta yadda Nehemiya ya sake gina garun Urushalima, ya yi murna, sai bayan makonni ya iso Irmiya da Makoki ya tarar ana kukan rushe wannan birnin, abin da ya faru a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, fiye da shekara ɗari kafin Nehemiya. Amos da Yusha'u sun yi annabci a zamanin Yerobowam na biyu, wanda labarinsa ke 2 Sarakuna 14, amma littattafansu suna can kusa da ƙarshe. Wasiƙun Bulus ma haka: Romawa ta zo gaba ne don ta fi tsawo, alhali 1 Tasalonikawa ta riga ta rubutuwa da shekaru. Wanda bai san wannan ba, kansa zai ɗaure, ya ɗauka laifin ƙwaƙwalwarsa ne.

Duk da haka hanyar kawu tana da albarkar da ɗayar ba ta da ita. Lissafinta mai sauƙi ne: sura uku kullum, biyar ranar Lahadi, shekara na zagayowa kin sauke. Ba sai kin tambayi kowa inda za ki karanta gobe ba. Babbar fa'idarta kuwa ita ce ba ta barin mutum ya zaɓi abin da ransa ke so kawai. Dubi Irmiya 29:11, ayar da ake turo mana a WhatsApp kusan kowace safiya, cewa Allah yana da shirin alheri dominmu. Wanda ya biyo hanya tun daga farkon littafin ya san wasiƙa ce Irmiya ya aika wa mutanen da aka kwashe bauta zuwa Babila, kuma aya ta 10 ta ce sai sun cika shekara 70 a can. Yawancin waɗanda suka ji karatun wasiƙar a baƙuwar ƙasa za su mutu. An ce su gina gidaje, su yi lambuna, su nemi zaman lafiyar garin da ya cinye su da yaƙi. Alkawarin gaskiya ne, amma ya fi nauyin yadda ake rarraba shi. Haka Filibiyawa 4:13, wadda ɗalibai ke rubutawa a bangon kaye lokacin jarrabawa: Bulus yana ɗaure ya rubuta ta, maganar da yake yi kuwa ta iya zama da ƙoshi da iya zama da yunwa ce.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da wa'azi ke shigowa ta waya dare da rana, wani mai kyau, wani kuma na masu sayar da mai da ruwan addu'a. Wanda ya taɓa ratsa Littafin gaba ɗaya, da wuya a ja shi da aya guda. Yesu da kansa, sa'ad da Iblis ya gwada shi a jeji, sau uku ya amsa masa, dukan amsoshin daga Maimaitawar Shari'a suka fito, littafin da da yawanmu ba mu taɓa buɗewa ba. Kawu bai yi kuskure ba da ya ce kada a tsallake komai.

Inda hanyar ke kayar da sabon mai bi shi ne wata na biyu. Farawa sura 50 ce, labari ne mai daɗi: Adamu, Nuhu, Ibrahim, Yusufu. Fitowa ma tana tafiya da gudu har Dutsen Sina'i. Daga sura ta 25 sai a shiga awon alfarwa, kamu nawa, katako nawa, labule wane launi. Ana gama wannan sai Littafin Firistoci, sura 27 na hadayu, da dokokin kuturta, da abin da ya halatta a ci. Sai Ƙidaya ta buɗe da lissafin kabilu. A nan ne na sha ganin alamar karatu ta tsaya a Littattafan mutane, takardar ta yi wata da watanni a shafi ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya: mutum ya ji kunya, ya ce shi ba na karatu ba ne, ya koma dogara ga abin da ya ji ranar Lahadi kawai. Ko wanda ya daure ma, surorin Tsohon Alkawari 929 ne, in ya soma a Janairu sai Oktoba zai iso Matiyu. Wata tara da ɗoriya mutumin da aka yi wa baftisma cikin sunan Yesu bai karanta rayuwar Yesu ba. A ganina wannan jinkirin ya yi yawa ga wanda ke kafa tushe.

Ita hanyar matar fasto tana da goyon baya a cikin Littafin kansa. Almajiran nan biyu da ke kan hanyar Imuwasu, a Luka 24, sun san Attaura da annabawa tun suna yara, amma ba su gane inda suka dosa ba sai da Yesu ya bi da su daga Musa har annabawa yana nuna musu abin da aka rubuta a kansa. Ma'ajin nan na sarauniyar Habasha, a Ayyukan Manzanni 8, yana cikin karusarsa yana karatun Ishaya 53 bai san wa ake nufi ba, sai da Filibus ya yi masa bisharar Yesu. Mutanen Koranti kuwa, waɗanda akasarinsu ba Yahudawa ba ne, abin da Bulus ya fara danƙa musu shi ne Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Daga nan suka koyi sauran. A ƙasarmu ma, masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM sun iso Damagaram a 1924, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kuwa bai fito ba sai 1932. Bishara ta riga cikakken Littafin isa hannun mutane.

Sai dai ita ma tana da ramin da take jefa mutane. Da yawa sun soma da Linjila da niyyar komawa baya, shekara goma ta wuce suna zagaye tsakanin Yahaya, Zabura 23 da Karin Magana. Irin wannan mai bi zai ji Yahaya Mai Baftisma ya kira Yesu Ɗan Rago na Allah, ya ce amin, amma bai san daren Ƙetarewa na Fitowa 12 ba, daren da aka shafa jini a dogaran ƙofa. Zai karɓi ƙoƙon Jibin Ubangiji ya ji ana cewa sabon alkawari, bai san Irmiya 31 ta yi maganarsa kusan shekara ɗari shida kafin wannan daren ba. Wasiƙar Ibraniyawa za ta zama masa ɗaki a kulle. Kuma ke da kike zaune a Tawa, cikin dangi da maƙwabta Musulmi waɗanda suka san sunan Ibrahim da Musa da Dauda, suna girmama su, za a tambaye ki abin da Littafinki ya faɗa a kansu. Ya kamata ki iya amsawa cikin ladabi, da sanin abin da kike faɗi. Hanyar Linjila ba ta cika sai an koma baya da gaske.

To da wace Linjila za a soma? Mutane da yawa za su ce Yahaya, ni kuwa Markus nake ba sababbi. Sura 16 ce, gajeriya, mutum zai iya karanta ta da murya cikin awa biyu ko kusa da haka. Yesu yana warkarwa, yana koyarwa, yana tafiya, har a tsakiyar littafin ya tambayi almajiransa wa suke cewa shi ne, daga nan hanya ta miƙe zuwa gicciye. Matiyu ta buɗe da jerin kakanni, tana kuma yawan ɗauko annabawa, ta fi daɗi ga wanda ya san su. Yahaya ruwa ne mai zurfi: maganar manna, da macijin tagulla da Musa ya ɗaga a jeji, da idodin Yahudawa, duk sai kin ratsa labarin Musa za su buɗe miki sosai.

Ga yadda zan jera miki. Bayan Markus ki ɗauki Luka da Ayyukan Manzanni a jere, sura 52, domin mutum ɗaya ya rubuta su, ga mutum ɗaya, Tiyofalas, ya kuma faɗa tun farko cewa ya bi diddigi ya rubuta bi da bi don mai karatu ya tabbatar da abin da aka koya masa. Daga nan ki koma Farawa gaba ɗayanta, ki lura da sura ta 12, inda aka yi wa Ibrahim alkawari cewa ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. Sai Fitowa 1 zuwa 20, da 32 zuwa 34. Sai surori biyar da sauran labarin ke rataye a kansu: Firistoci 16, ranar kafara; Maimaitawar Shari'a 6; 2 Sama'ila 7, alkawarin da aka yi wa gidan Dauda; Ishaya 53; Irmiya 31. Yanzu ki shiga Yahaya, sai Romawa, ki rufe da Ibraniyawa. Duka sura 196 ne. A sura ɗaya kullum, wata shida da rabi ke nan. In kin soma yanzu, kafin Kirsimeti kin gama, har da ragowar kwanakin da rashin lafiya ko baƙi za su ci. Janairu na kamawa sai ki shiga hanyar kawu, wannan karon in kin iso Firistoci kin riga kin san abin da hadayun ke nunawa. Ki gaya masa haka da bakinki, kada ya ji kamar an yar da maganarsa, in zai yiwu ma ku yi karatun baɗin tare.

Sura ɗaya na ce, ba uku ba, don ina so ki samu lokacin rubutu. Ki sayi kaye da bik na wannan aikin kaɗai. Kowace rana ki rubuta abu uku a taƙaice: na ɗaya, wa ke magana kuma da wa yake yi; na biyu, me wurin ya nuna game da Allah; na uku, me ban gane ba. Na ukun nan kada ki ji kunyarsa, shi ne zai fi cika shafi da farko. Kada kuma lambobin sura da aya su zama miki shinge. Marubutan ba su sa su ba: a ƙarni na 13 aka raba surori, ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ne ya lambata su a bugunsa na 1551. In magana ba ta ƙare a ƙarshen sura ba, ci gaba har ta ƙare. Misali, waƙar Bawan Ubangiji da muke kira Ishaya 53 tun 52:13 ta soma.

Batun harshe, wanda kike addu'a da shi in ranki ya ɓaci, da shi za ki yi karatun. In kin yi lakwal kina jin Faransanci, Louis Segond ta 1910 da ke hannun mutane da yawa za ta yi miki amfani wajen gwadawa idan wata aya ta yi nauyi. Tsohuwar fassarar Hausa tana da kalmomin da matasa ba su saba ji ba, sababbin sun fi sauƙi. Akwai kuma na saurare a waya, wanda ke taimako ranar da ido ya gaji ko hannu ke cikin wanki, amma kada ya maye gurbin kaye.

Lokaci kuwa, kin san zafin Tawa a watannin nan. Wanda ya ce sai dare zai karanta, ga gajiya, ga ɗauke wuta, barci ne zai kwashe shi. Da sanyin asuba, kafin a hura wuta a gidan, minti ashirin sun isa.

Kowace hanya kika bi, kada ki bi ta ke kaɗai. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17, kullum suna bin Littattafai suna duba ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Ki nemi mace ɗaya a zumuntar mata wadda ta daɗe cikin bangaskiya, ki riƙa kai mata kayenki sau ɗaya a sati. Idan kin iso Markus 13, maganar rushe Haikali da ƙarshen zamani, za ki ji abin ya yi miki yawa. Kada ki tsaya a wurin. Rubuta tambayoyinki, ki wuce sura ta 14, ki kawo su nan ko ki kai wa matar fasto bayan sujada.