Hot link na naman sa da na ci a Houston, da abin da ya bambanta shi da na sauran wurare

Jama'a sallama, yau kan hot link zan yi magana, wannan jan sosej ɗin mai yaji da ake kyafawa da hayaƙin itace a gidajen gashi na Amurka. Na daɗe ina ganinsa ina wucewa saboda yawancinsa ko da naman alade ne ko kuma naman sa ne amma an ɗura shi a hanjin alade, to shi ya sa kafin ka saya ka tambayi abu biyu, naman da kuma hanjin, don wallahi mutane da yawa a hanjin suke yin kuskure. Satin da ya wuce wani abokina ya kai ni wajen wata motar gashi ta halal a birnin Houston na jihar Texas, mai wajen ya nuna min kwalin hanjin da idona na ga na shanu ne, sannan hankalina ya kwanta na ce a ba ni biyu.

Irin na Beaumont yake yi, wato na kudu maso gabashin Texas, kuma gaskiya ni dai wannan ne ya tafi da ni. Niƙaƙƙen naman sa ne da kitse mai yawa, ga tafarnuwa har tana bugun hanci ga jan barkono, kana yanka shi wani jan mai zai malalo kan takardar. Hanjin yana da tauri, na fara kokawa da shi sai mai wajen ya ce a'a malam ba haka ake yi ba, matso naman za ka yi kan farin burodi ka dangwali man. Ai kuwa da na yi haka sai na gane dalilin da ya sa baƙaƙen fatar yankin suka riƙe wannan abin sama da shekara ɗari, akwai gidan Patillo's a Beaumont da ke wannan sana'a tun 1912. Wanda baya son maiƙo kada ma ya soma, don daɗin duk a cikin man yake.

Na tsakiyar Texas daban ne. Can Jamusawa da mutanen Czech da suka yi ƙaura ne suka kawo sana'ar, nama mai gari-gari, gishiri da masoro da ɗan barkono kaɗan, a kyafa da itacen oak. Gidan gashin Southside Market na garin Elgin tun 1882 suke yi, har laƙabin hot guts, wato hanji mai zafi, ake yi wa nasu. A Pittsburg ta gabashin Texas kuma ƙanana ne, da biskit mai gishiri da ruwan yaji ake ci. Na Chicago ban taɓa ci ba kuma ba zan ci ba tunda alade ne, amma yadda suke gasa shi a cikin akwatin gilashi su zuba kan soyayyen dankali su malale da miya mai zaƙi, wannan salon baƙaƙen da suka taso daga kudu irin su Mississippi ne suka je da shi.

To in dawo kan nawa. Hayaƙin ya shiga sosai, ba ɗaci, alamar wutar a hankali aka bi da ita ba a yi gaggawa ba. Yajin baya zuwa da farko, sai ka haɗiye kake jinsa a maƙogwaro, kuma haka nake so. Inda suka gaza biyu ne, gishiri ya ɗan yi yawa har na sha gorar ruwa biyu, sannan na biyun da aka ba ni ya daɗe a ajiye ya fara yamushewa man ya tsere, abin ya ba ni haushi sosai don dala na biya ba kyauta ba. Miyar da suke haɗawa da shi ma zaƙinta ya danne tafarnuwar, ku ce a sa muku ita a gefe.

Zan koma in sha Allah, amma da wuri zan je lokacin da ake sauke na farko daga wuta, kuma zan ce a ƙara min burodi da albasa.