Bebas Neue ko Playfair Display, wanne ya dace da mujallar waƙa?

Ɗan'uwa na ga tambayarka tun jiya, ka ce kana haɗa mujallar mawaƙa da Hausa kuma ka rasa wane fonti, wato salon haruffa, za ka sa a kanun labarai tsakanin waɗannan biyun. To duka kyauta ne a Google Fonts, zancen kuɗi bai ma taso ba.

Bebas Neue wani ɗan Japan ne ya zana shi, Ryoichi Tsunekawa, ya fito a 2010. Dogo ne matsattse mai kauri, kuma manyan baƙaƙe kawai gare shi, ko ƙarami ka danna babba zai ba ka. Amfaninsa a bango shi ne sunan mawaƙi komai tsawonsa zai shige layi ɗaya, ka ɗora shi kan hoton da aka ɗauka a wajen casu mai fitilu kala-kala ya tsaya daram ana karanta shi daga nesa. Matsalarsa ya yi yawa a gari, duk fastar biki da ta siyasa shi ne.

Playfair Display kuma na Claus Eggers Sørensen ne, 2011. Shi ɗan gayu ne, wani gefen harafin da kauri wani gefen siriri kamar zare. A allon kwamfuta zai burge ka sosai, amma ka sa shi fari a kan hoto mai duhu ka kai wajen bugawa, tawada na ɗan bazuwa siraran layukan nan sai su ɓace, a waya ma idan PDF ne mutum sai ya yi ta zuƙowa. Inda yake haskawa shi ne doguwar hira da tsohon makaɗi, farin shafi, babban kanu, hoto ɗaya.

Ni dai Bebas zan ba bango, in ajiye Playfair a shafin hira. Amma kafin duk wannan, tunda Hausa za ka rubuta, buɗe fontin ka rubuta Ɓ Ɗ Ƙ da ɓ ɗ ƙ ka zuba musu ido. Na taɓa kai aiki maɗaba'a ban duba ba, kanun ya ce WAƘA amma Ƙ ɗin ta fito siririya daban kamar baƙuwa a tsakiyar kalma, ashe manhajar ce ta aro ta daga wani fontin, kwafi 200 haka muka raba su ina sunkuyar da kai. Idan babu ƙugiyar kana iya zana ta da hannu a manhajar zane ta CorelDraw bayan ka danna Ctrl+Q ka mayar da rubutun zane, a kanu kalma uku huɗu wannan mai yiwuwa ne, a cikin labari kuwa wahala ce kawai.

Shi ya sa jikin labarin kar ka sa ko ɗaya cikinsu, ɗauki Charis SIL ko Noto Serif, suna da haruffanmu cif. Charis daga fontin Charter na Matthew Carter aka samo shi, wanda tun 1987 aka yi shi don firinta mara ƙarfi, kenan takarda mai araha ba ta ba shi tsoro.

Kar ka ce mujallar waƙa ce sai an yi hauka. David Carson, mai tsara shafukan mujallar waƙa ta Ray Gun, ya buga hirar mawaƙi Bryan Ferry gaba ɗaya da fontin Zapf Dingbats a 1994, alamomi zalla babu mai iya karantawa, shi ya sha da ita, kai masu talla za su kira ka. Turo hoton bangon mu gani in ka gwada.