Shimfiɗar sanyi ta kare da kyanwa: tana aiki, amma da sharaɗi

Wannan shimfiɗa leda ce mai kauri, an cika ta da wani ruwa mai yauƙi da ake kira jel. Ba ta buƙatar wuta ko firij. Da dabba ta kwanta, jel ɗin zai riƙa zuƙe zafin jikinta ta ciki da ƙirji, inda gashi ba shi da yawa. Ga kare wannan babban taimako ne, domin ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 rayuwarsa na cikin haɗari.

Inda take gazawa shi ne watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri. Jel ba ya ƙirƙirar sanyi, zafin wurin da aka ajiye shi yake ɗauka. A ƙarƙashin rufin kwano ko a kan simintin da rana ta gasa, ba ta da wani amfani. A shimfiɗa ta a inuwa, kan tayil ko ƙasa mai danshi. In ta ɗumama, a ɗauke ta a bar ta ta huce kamar minti 20.

A sayi wadda kare zai miƙe a kai gaba ɗaya. Kada a ba kwikwiyo mai tauna, zai huda ta ya haɗiye jel. Farcen kyanwa ma yana yaga ta.

Kuma ba ta maye gurbin ruwan sha: karen da ya kai kilo 20 yana buƙatar aƙalla lita 1 a rana, fiye da haka da bazara. Kaskon ƙasa ya fi roba riƙe sanyin ruwa.